Me ya sa maus da kibod ke daskarewa bayan an ɗora sabuwar Windows?

Tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane da dama a Katsina suka kai kwamfutocinsu wurin masu gyara a ɗora musu Windows 11. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke rubuta furojet, mai shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, ma'aikacin sakatariya, kowa ba ya son a bar shi a baya. Wasu ma ba su je ko'ina ba, kwamfutar ce ta yi musu tayin sabuntawa suka danna. Bayan haka sai wani ƙorafi ya riƙa maimaituwa: kana cikin aiki kibiyar maus ta tsaya cak, kibod ya ƙi ji, bayan daƙiƙa biyu ko biyar komai ya dawo kamar ba a yi ba. Can an jima kuma a sake.

Abu biyu aka saba yi. Ko dai a sayi sabon maus, ko a koma wurin mai gyara ya ce a yi fomatin. A ganina duka biyun canki-canka ne. Wannan daskarewar ba ciwo ɗaya ba ce, aƙalla ciwo uku ne masu kama da juna: wani lokaci hanyar da ke tsakanin maus da kwamfuta ce ke yankewa, wani lokaci hoton da ke kan sikirin ne ya tsaya alhali maus na aikinsa, wani lokaci kuma kwamfutar ce gaba ɗaya numfashinta ya sarƙe. Kowanne da maganinsa, kuma ana iya rarrabe su ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Kafin komai, akwai agogon da ke tafiya. Idan an ɗora Windows 11 ne a kan ta 10 ba tare da an goge faifan ajiya ba, tsohuwar tana nan a wata jaka mai suna Windows.old, kuma kwana 10 kacal aka ba ka ka koma kanta ta Settings, System, Recovery, sannan Go back. Wa'adin na cika, Windows ta share jakar da kanta. Don haka wanda ya ce bari ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata ya rufe wa kansa ƙofa. Ana iya tsawaita wa'adin zuwa kwana 60 da umarnin DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60, amma sai tun kafin ya ƙare. Kuma a kiyayi manhajojin share shara a wannan tsakanin, domin jakar nan ce abu na farko da suke haɗiyewa. Wanda aka yi wa fomatin tun farko ba shi da wannan damar.

To, ta yaya ake rarrabewa? Ka kunna karatu ko wani bidiyo mai tsawo, ka buɗe Notepad kana rubutu, ka jira daskarewar ta zo. Idan ta zo, kada ka tsaya jijjiga maus kana tsaki, ka kasa kunne ka ci gaba da buga haruffa. In sautin ya ci gaba lafiya lau, bidiyon na tafiya, to kwamfutar na raye, maus da kibod ne kawai suka ɓace mata. In sautin na tafiya amma hoton ya ƙame, ka zargi ɓangaren hoto. In kuwa sautin ya kakare yana gurnani, ko ya yanke, to matsalar ta fi ƙarfin maus.

Haruffan da ka buga su ne babbar shaida, kuma ban cika ganin ana kula da su ba. Idan bayan daskarewar suka zubo gaba ɗaya a jere, kibod bai taɓa yankewa ba. Saƙonsa ya isa, an tara shi ne ana jiran kwamfuta ta samu sarari. Sabon kibod ba zai yi maka komai ba a nan. Idan kuwa haruffan sun yi ɓatan dabo, ko harafi ɗaya ya riƙa maimaita kansa har ya cika layi, to hanyar ce ta tsinke a tsakiyar magana. Fitilar Caps Lock ma tana ba da labari, domin a kibod mai waya Windows ce ke ba da umarnin kunna ta: in ka danna ta kama, saƙo na zuwa yana dawowa. Ka kuma saurara ko za ka ji ƙarar nan da Windows ke yi idan an zare filashi an mayar.

Mai laftof yana da ƙarin gata. Kibod ɗin da ke jikin laftof da tacfad ɗinta yawanci ba ta hanyar USB suke bi ba, suna da tasu hanyar daban a cikin babban allon lantarkin na'urar, wato madabod. Saboda haka in maus na waje ya ƙame amma tacfad na motsa kibiya, an gama shari'a, laifin na wajen USB ne.

Mu fara da wannan, tunda shi ya fi sauƙi. Windows tana da ɗabi'ar kwantar da duk kafar USB da ta ga ta yi shiru, domin tattalin batir. Da ka taɓa maus ya kamata ta farka nan take. Idan sabuwar Windows da tsohon madabod ɗin kwamfuta ba su fahimci juna sosai ba, farkawar kan ɗauki daƙiƙoƙi, kuma wannan jinkirin shi ne abin da kake gani. Alamar wannan ciwo ita ce ya fi zuwa bayan ka ɗan saki maus kana karatu ko kana magana da kwastoma. Sauya Windows kan mayar da irin waɗannan saituna yadda suka zo daga kamfani, shi ya sa ko da wani ya taɓa gyara su a baya suke dawowa. Ka buɗe Device Manager, ka gangara zuwa Universal Serial Bus controllers, ka shiga kowane USB Root Hub, a shafin Power Management ka cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Mai maus na Bluetooth ya yi haka ga adaftar Bluetooth ɗin. Sannan a Control Panel, cikin Power Options, ka nemi Change advanced power settings ka kashe USB selective suspend setting. A wasu sabbin laftof wannan na biyun a ɓoye yake, na farkon ya wadatar.

Maus mara waya yana da nasa rikicin. Ɗan risibar da ake sokawa yana magana ne a kan zangon 2.4 GHz, zangon da Bluetooth da Wi-Fi na yawancin hotsifot ɗin waya suke cunkushe a kai. Tun 2012 kamfanin Intel ya fitar da bayani cewa kafofin USB 3.0, masu shuɗin harshe, suna fitar da hayaniyar lantarki a daidai wannan zango. Me ya haɗa wannan da sabuwar Windows? Sau da yawa ba komai, illa dai a kwanakin ne mutum ke soka babban faifan waje a kafar da ke maƙwabtaka da risibar yana mayar da fayilolinsa. Ka mayar da risibar kafa mai baƙin harshe, ko ɗaya gefen laftof ɗin, ko ka sa 'yar wayar ƙari ta nisanta shi. Batirin maus kuwa a canza shi tun kafin a fara dogon bincike.

Sai Fast Startup, wanda ya shigo tun Windows 8 a 2012. Idan yana kunne, Shut down ba ya kashe kwamfuta har lahira. Yana adana zuciyar Windows da direbobinta, wato manhajojin da ke haɗa ta da sassan na'ura, a faifai, gobe ya ɗauko su yadda suke, har da duk wata karkata da suka kwana da ita. Restart ne ke tayar da komai sabo. Wanda ya lura cewa bayan Restart matsalar na lafawa, amma da safe in ya kunna tana dawowa, ya shiga Power Options, Choose what the power buttons do, ya cire alamar Turn on fast startup.

Yanzu ga inda na fi zargi a garin nan, wato direbobi. Direba tafinta ne tsakanin Windows da kowane sashe na na'ura. In aka kawo tafintan da bai iya harshen sosai ba, magana za ta tafi, amma da tsaye-tsaye. Yadda ake ɗora Windows a yawancin shaguna shi ne daga filashi, ba tare da intanet ba, saboda data kuɗi ce kuma akwai layin masu jira. Windows sai ta sa direbobinta na gama-gari, sikirin ya kawo hoto, maus ya motsa, a miƙa wa mai kaya abinsa. Ainihin direbobin cifset (mai haɗa sassan madabod), na hoto, da na tacfad ba su shiga ba. Ka duba Device Manager: in ka ga Microsoft Basic Display Adapter a ƙarƙashin Display adapters, ko wata alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, ko jerin Unknown device, to aikin bai ƙare ba aka sallame ka.

Akwai kuma ƙarin ƙulli. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ta sharɗanta TPM 2.0, wato wani ɗan sashen tsaro a cikin na'ura, da furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Kwamfutocin gwanjo da suka cika hannun jama'a, irin su HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460, 'yan zubi na 6 ne. Ana tsallake shingen da manhaja irin Rufus, kuma Windows ɗin na hawa, sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alhakin irin waɗannan ba. Ba ina cewa kada a yi ba ne, da yawa suna aiki lafiya. Amma mai irin wannan na'ura ya san cewa shi zai nemo wa kansa direbobi. Ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ya sa lambar samfurin da ke ƙarƙashinta, ya sauke na Windows 10 mai 64-bit, domin galibi suna hawa kan 11. Ya fara da cifset, sai Intel Serial IO in akwai shi a jerin, domin ta nan tacfad ɗin laftof da yawa ke bi, sannan na hoto, sannan na tacfad, ko Synaptics ne ko ELAN ko Alps. Bayan kowanne a yi Restart.

Manhajojin nan masu alkawarin zuba duk direbobi a danna ɗaya, ni dai ba na ba da shawararsu. Suna iya sa wanda ya yi kama da daidai amma ba shi ba, kuma tunda guda ashirin suka shiga lokaci ɗaya ba za ka san wanne ya ɓata ba. Haka nan akasin wannan na faruwa: komai na lafiya, sai Windows Update ta sauya direba mai kyau da wani sabo. A nan sai a shiga shafin Driver na wannan na'urar a danna Roll Back Driver.

Idan gwajin farko ya nuna hoto ne ke ƙamewa, Windows tana da tsarin da ke jiran direban hoto na daƙiƙa 2. In bai amsa ba ta sake tayar da shi, shi ya sa wani lokaci sikirin ke yin baƙi ya dawo. Danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare yana tilasta wannan farfaɗowar, za ka ji ɗan ƙara sikirin ya ƙifta. In hakan na sakin daskarewar, ka san inda za ka nufa.

Saura na ukun, sarƙewar kwamfuta gaba ɗaya. Ka danna Ctrl da Shift da Esc, ka bar Task Manager a buɗe a shafin Performance a gefe guda. Bayan an ɗora sabuwar Windows tana da aikin cikin gida mai yawa: tana lissafa fayiloli domin bincike, tana sauke sabuntawa, Defender, riga-kafin Windows, na bin komai yana dubawa. A inda wuta da intanet suka wadata wannan kan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. A nan kuwa, da ake kunna kwamfuta na ɗan lokaci a kan janareta, a jona hotsifot a cire, aikin sai ya yi ta jan ƙafa. Wani lokaci maganin bai wuce a bar ta a kunne da caja da intanet ta gama abin da take yi ba. Amma in Disk ya liƙe a 100% kullum kuma faifan tsoho ne mai juyawa, ko Memory na cike alhali ram ɗin 4GB ne, gaskiya ɗaya ce: 4GB shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ta yarda da shi, ba abin da take jin daɗi da shi ba. Chrome da shafuka goma da Word sun isa su cinye shi. SSD, wato faifan ajiya mai sauri marar juyawa, da ram 8GB sun fi fomatin sau goma amfani. A kuma duba ko manhajar riga-kafi biyu ne ke kokawa a kan fayil ɗaya. Tsohuwar da aka taho da ita daga Windows 10 a cire ta a gani.

Kwamfuta tana rubuta abin da ya same ta, mu ne ba ma karantawa. Duk lokacin da ta daskare ka rubuta ƙarfe nawa ne da minti. Sannan ka buɗe Event Viewer, Windows Logs, System, ka duba abin da aka rubuta a daidai wannan mintin. Lamba 4101 daga Display na nufin direban hoto ya suma an farfaɗo da shi. Lamba 129 daga storahci, ko 153 daga disk, na nufin faifan ajiya ya yi jinkirin amsawa, kuma wanda ya ga waɗannan suna yawaita ya kwashe muhimman fayilolinsa a ranar, kafin ma ya ci gaba da bincike. Kada jajaye da rawayen alamomin da suka cika wurin su tsorata ka, ko lafiyayyar kwamfuta tana da su. Wanda ya zo daidai da lokacinka kawai kake nema. Reliability Monitor ya fi sauƙin karantawa, yana jera kwanaki da abin da aka ɗora a kowace rana, sai ka ga ko matsalar ta faro ne daga ranar wata sabuntawa.

Domin kuwa Microsoft ma yana yin kuskure. Sabuntawar Oktoban 2025 ta Windows 11 ta sa maus da kibod na USB sun daina aiki a cikin shafin farfaɗo da Windows, sai da kamfanin ya fitar da gyaran gaggawa bayan 'yan kwanaki. In ranar da matsalarka ta faro ta yi daidai da ta wata sabuntawa, a Update history akwai Uninstall updates, kuma ana iya dakatar da sabuntawa har mako 5. Masu Ryzen kuma su sani cewa a Maris na 2022 AMD ya amsa cewa fTPM, wato TPM ɗin da ke cikin furosesa, wanda mutane da yawa suka kunna domin Windows 11 ta hau, yana jawo ɗan tsaye-tsaye a wasu na'urori, kuma maganinsa sabunta BIOS ne, wato manhajar da ke tayar da na'ura kafin Windows. Sai dai sabunta BIOS ba abin wasa ba ne a laftof mai mataccen batir: wuta ta ɗauke a tsakiya, madabod ɗin na iya tafiya. Kuma a fara adana makullin BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, in faifan a kulle yake, don kada a tashi a tarar ana tambayar lambobi 48 da ba a san inda suke ba.

Akwai abubuwan da ake ɗora wa Windows alhali ba ruwanta, sun dai zo lokaci ɗaya ne. Caja ta jabu tana shigar da hayaniyar lantarki da ke rikita tacfad, kibiya ta riƙa tsalle ko ta ƙame. Zare cajar ka yi aiki da batir, in abin ya tsaya ka gano ɓarawon. Wutar ƙaramin janareta kan ƙara tsananta wannan. Batirin da ya kumbura yana tura tacfad daga ƙasa, za ka ga ya ɗan taso ko dannawa ta yi tauri, kuma wannan a cire shi ba tare da jinkiri ba. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, sai bazara ta zo da zafin da kan kai digiri 40 a Katsina, furosesa ta rage gudu don kada ta ƙone, daidai lokacin da sabuwar Windows ke ɗora mata aiki. Har da Filter Keys: riƙe Shift na dama na daƙiƙa 8 yana kunna shi, kibod ya koma yin biris da dannawar sauri, mutum ya rantse ya lalace. A Settings, Accessibility, Keyboard ake kashe shi.

Gwajin da ke raba gardama tsakanin Windows da ƙarfen na'ura shi ne a fita daga Windows ɗin. Ka shiga BIOS lokacin kunnawa, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka yi ta yawo da maɓallan kibiya na ɗan lokaci. Ko ka tayar da Linux, wata kishiyar Windows, daga filashi ba tare da ka ɗora ta ba. In ta daskare a can ma, fomatin ɗari ba zai yi magani ba. In ba ta daskare ba, sai Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai: lafiya a Safe Mode na nufin wani direba ne ko wata manhaja da ke tashi tare da Windows, kuma da msconfig ake kashe su a riƙa dawo da su rukuni-rukuni har mai laifin ya bayyana. Duk abin da za ka taɓa, ka taɓa ɗaya, ka ba shi wuni, tunda ciwon mai zuwa ne yana tafiya kuma shirun awa ɗaya ba shaida ba ne.

In an bi duk wannan a kan na'urar da tun asali ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kuma wa'adin komawa bai cika ba, komawa Windows 10 ba abin kunya ba ne, musamman ga mai shagon da kwastoma ke tsaye a kansa. Shirin ESU na Microsoft ya ba masu amfani na gida damar ci gaba da samun gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, wanda ya isa a tara kuɗin SSD da ram ko a canza na'urar. In kuma sai an koma wurin mai gyara, ka tafi da takardarka: lokutan da ta daskare, ko sauti ya yanke, ko haruffa sun zubo ko sun ɓace, da lambar da ka gani a Event Viewer. Ka ce masa, "Malam, kafin a yi fomatin, a duba mini direbobin cifset da lafiyar faifan nan tukuna."